Likitan Safe da Likitan Yamma

Ni tela ne. A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ina da shago a Tudun Wada ta garin Jos, da keken ɗinki biyu, da girman kai wanda ya fi shagon faɗi. Ban kai talatin ba, amma ma'aikatan gwamnati har daga Daɗin Kowa suke kawo mini shadda, don haka nake ganin babu abin da ban sani ba a duniya. Mahaifina haƙar kuza ce ta kawo shi Filato daga ƙasar Kano, a nan ya rasu ya bar mini Inna da ƙanwata guda ɗaya, budurwa. Ni ne ɗan fari, kuma Inna mutuniyar da ce sosai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mai shago take ce mini, shi ma ba a gabana ba. In tana da magana sai ta faɗa wa ƙanwata ta kawo mini, ko da kuwa ina tsakar gida ina alwala tana kallona. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana duban wani gefe. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma ni kaina alfahari nake yi da ita.

Akwai wata aƙida da nake da ita a lokacin, wadda nake cika wa mutane kunne da ita a bakin shago. Kafin in buɗe nawa, na yi ɗinkin kayan ma'aikata a wani kamfani, ana biyanmu albashi a ƙarshen wata. Wallahi da oga ya ba da baya muke ajiye almakashi mu kama hira. Maɓalli ya tsinke ko aljihu ya karkace, ba ruwanmu, wata zai ƙare a biya mu. Da na koma cin gashin kaina, ana biyana riga-riga, sai ga ni ina warware ɗinki saboda zare ɗaya ya kauce. Daga nan na yanke hukunci a kan duniya gaba ɗaya, cewa mai albashi ba ya aiki tsakani da Allah, wanda ka damƙa wa kuɗi hannu da hannu shi ne ke jin nauyinka. Da wannan kan na shiga maganar rashin lafiyar uwata.

Cikin damina ne ƙanwata ta same ni a shago tana ta murza bakin mayafinta. Da ƙyar ta iya gaya mini cewa Inna na da wani ƙari a nononta na hagu, ya daɗe, tana ɓoyewa. Maƙwabciyarmu ce ta gano, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi a jikin gidanmu, wadda ta shaƙu da Inna har suna cin abinci a kwano ɗaya. Ita ce ta kafe sai an je asibiti. Washegari da sassafe muka tafi babban asibiti, muka bi layi cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, har rana ta ɗaga kafin a kira mu. Likitan da ke duba irin wannan ciwo bai tsufa ba, amma idanunsa sun nuna gajiya. Ya duba Inna da ƙanwata a ciki, ni ina waje, ya ɗebi ɗan abin da za a gwada, ya ce mu dawo.

Ranar da muka koma, ya kira ni ciki. Ya ce ciwon daji ne. Ya ce aiki za a yi a cire nonon gaba ɗaya, kuma da wuri, tun bai kai hammata ba. Ya ba mu ranar da gado zai samu, ya ce abin da za mu biya bai taka kara ya karya ba. Duk wannan maganar yana yi yana wanke hannu, nas kuma ta riga ta leƙa ta kira mai bi mana. Na yi ta maza na tambaye shi ko babu wata hanya. Ya ce babu wadda zai ba mu shawarar bi. Shi ke nan fa, maganar da za ta raba uwata da wani sashe na jikinta ba ta kai tsawon lokacin da nake ɗauka ina gwada mutum ba. Na saci kallon Inna. Kanta na ƙasa, ta ja mayafi har goshi, ba ta ce uffan ba.

Wannan shirun na ɗauka na fassara shi da kaina. Na ce a raina tsoro ne da ƙin yarda. Ina tafe a hanya ina tafasa, ina cewa ga irin aikin mai albashi nan, ya zaɓi abin da zai raba shi da mu a rana ɗaya ya huta. Ina tuna yadda za a kwantar da Inna a gaban maza, macen da ko ni ba ta yarda mu haɗa ido ba, sai in ji ba zan iya yarda ba. Tambayarta kuwa ba ta taso ba. Ta wane baki zan ambaci nonon uwata a gabanta? Na aika ƙanwata ta ji ra'ayinta, ta dawo ta ce Inna ta ce duk abin da mai shago ya yanke daidai ne. Da ina da hankali da na gane cewa amsar da za ta bayar ke nan ko da rijiya na ce ta shiga. Amma ni sai na ji kamar an ɗora mini amanar in cece ta daga wuƙa.

Wani masinja mai kawo mini ɗinki ne ya tsegunta mini cewa likitan nan yana da wani ɗaki nasa a cikin gari, bayan wani kantin magani, yana ganin mutane daga la'asar zuwa magariba. Ya ce can ake samun asalin magani, asibiti kuwa sai bin layi. Na rufe shago na tafi ni kaɗai. Da na shiga sai da na sake dubansa, don kamar an sauya mutum. Ya nuna mini kujera, ya tambayi jikin Inna, ya ma tuna unguwarmu. Ya zauna ya yi mini bayanin ciwon a tsanake, yadda yake farawa da yadda yake yaɗuwa, har na fahimta. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya fara da maimaita abin da ya faɗa da safe, cewa aiki shi ne ya fi. Ni kuma na shiga roƙo. Na ce masa tsohuwa ce, ba za ta jure ba, ta ce gara ta mutu da jikinta cikakke, maganar da ba ta taɓa faɗa ba. Na ƙara da cewa kuɗi ba matsala ba ne.

Ya ɗauki alƙalami yana juya shi a hannu. Can ya ce akwai wata allura da ake kawowa daga waje, wadda takan sa ƙarin ya motse a jikin wasu, ba kullum ake samunta a asibiti ba amma shi yana iya samowa. Ya ce za mu iya gwadawa na ɗan lokaci mu gani. Kowace allura da kuɗinta, kowane zuwa da kuɗin ganin likita. Bai ce tana warkarwa ba, wannan ina shaida a gaban Allah. Sai dai bakin da ya ce mini babu wata hanya da safe, shi ne ya ce mu gwada da yamma, kuma ni abin da na zo nema ke nan. Na fito ina jin iska na shigata, ina cewa ashe gaskiyata, magani na nan, kuɗi ne ke fito da shi.

Haka muka fara. Lokaci-lokaci in ɗauko shatar tasi, mu je a yi mata allurar a jijiya, mu dawo tana riƙe da ciki. Amai kamar za ta fitar da hanjinta, abinci ya daina yi mata daɗi, ƙanwata ta ce gashinta na biyo mataji. Amma da farko ƙarin ya yi laushi, ya ɗan ja baya, sai na samu abin faɗa a bakin shago. Ranar da aka ba mu ta kwanciya asibiti ta zo ta wuce, ina sane, na ƙi ko ambatonta. Kuɗi kuwa suna ta tafiya. Na sayar da keke ɗaya, na karɓi ɗinkin kayan 'yan makaranta daga Kuru wanda a da nake rainawa, ina taka keke har ƙafata ta kumbura. Abin da nake jin kunyar faɗa shi ne, daɗi nake ji. Duk lokacin da na zaro kuɗi na miƙa a gaban Inna, sai in ji na zama ɗa. Tun da aka haife ni ban taɓa samun hanyar nuna mata abin da ke raina ba sai wannan.

Amma hankalina bai taɓa kwanciya ba. Duk zuwa sai na tambayi likita saura nawa, shi kuma ya ce mu ga yadda ta gaba za ta yi. Abin ba shi da ranar ƙarewa. Na koma karantar fuskarsa, in ya ɗan ɗaure gira bayan ya fito daga duba ta, ranar ba na iya cin abinci. Da sanyi ya shigo sosai, ƙanwata ta zo mini da labarin da nake gudu. Ƙarin ya dawo da tauri fiye da da, fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, ga kuma kaluluwa ta fito a hammata. Ranar na yanka wa wani alhaji hannun riga biyu duk na gefe ɗaya, a shadda mai tsada, ban ma lura ba sai da na zo haɗawa. Na rufe shago na je wurin likita. Ya ce ko dai mu koma maganar aiki, ko a sauya wata allurar da ta fi ƙarfi, ta kuma fi tsada, zaɓi na wurina. A ɗakin nan na yamma kullum zaɓi na wurina ne.

A lokacin wani tunani ya ɗarsu a raina, na yi maza na kore shi. Ni ma fa haka nake yi. In mutum ya kawo mini yadi marar kyau ya ce in yi masa babbar riga, sau ɗaya nake gaya masa ba zai yi ba. In ya nace, sai in ɗinka in karɓi kuɗina, in ce ai na faɗa masa. Ban taɓa korar mai ɗinki don in kare shi daga kansa ba. Na san wannan sarai, na kuma san abin da ke gabana ke nan, amma komawa asibiti na nufin in tsaya a gaban unguwa in ce na ɓata watanni da keke a banza. Na zaɓi allura mai ƙarfin.

Ba ni na tsayar da abin ba, gwamnati ce. Aka yi sanarwa a rediyo cewa an hana likitocin gwamnati aikin gefe, duk mai so ya ajiye ɗaya ya riƙe ɗaya. Ban ɗauka abin zai shafe mu ba sai da muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai kantin maganin ya ce oga ya daina zuwa, mai nemansa ya je asibiti da safe. Na tsaya a wurin kaina ya kulle, Inna na cikin mota tana jira, ban san abin da zan sa ƙanwata ta gaya mata ba. Washegari na je na tsare likitan a gindin motarsa a harabar asibiti, ina roƙonsa ya riƙa zuwa gida yana yi mata, zan ninka kuɗin, ba wanda zai ji. Ya ƙi. Ya ce in kawo ta gobe da wuri, kada in ƙara ko kwana ɗaya.

Wannan karon ya daɗe yana duba ta, har masu layi suka fara guna-guni. Da ya kira ni, bai wanke hannu yana magana ba, zama ya yi. Ya ce ciwon ya kama hammata, yana kuma tsoron ya wuce nan. Za a yi aikin duk da haka don kada wurin ya fashe ya zama gyambo, amma ba aikin da za a yi a damina ba ne, wancan na neman warkewa ne, wannan na rage wahala. Raina ya ɓaci, na ce masa ai shi ne ya yi ta yi mata allura yana karɓar kuɗina. Ya ce tun ranar farko ya gaya mini abin da ya fi, ni na ƙi. Sai kuma ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ya kamata ya ƙi ni, ya kore ni in dawo layi. Ya ce a wannan ɗakin cewa a'a ba ta yi masa wuya, a wancan kuwa tana da nauyi, kuma ya sha gaya wa kansa cewa in bai yi mata ba wani wanda bai san komai ba zai yi. Irin hujjar da nake ba kaina ke nan a shago.

Aka yi aikin. Abin da na biya gaba ɗaya, da gado da magani, bai kai kuɗin allura guda ta ɗakin yamma ba. Maƙwabciyarmu ce ta rufe shagonta ta zauna jinya tare da ƙanwata. Wata rana da hantsi na kawo kunu, muka haɗu da ita a baranda. Ita ba ruwanta da irin kunyarmu, magana take yi kai tsaye da Hausarta ta 'yan Jos. Ta tambaye ni me ya sa na hana Mama aiki tun farko, alhali Mama ta shirya. Na ce wane shiri? Ta dube ni da mamaki, ta ce ta ɗauka na sani. Ta ce tun ranar da muka dawo daga asibiti Inna ta gaya mata ta yarda a cire, wai me za ta yi da shi yanzu, ta gama shayarwa, ita dai tana so ta ga auren autarta. Har ta wanke zannuwanta, ta haɗa kwano da buta da tabarma a kwando ta tura ƙarƙashin gado tana jiran ranar. Da ranar ta wuce ba wanda ya ce komai, sai ta kwance kayan ta mayar inda suke.

Na tambaye ta me ya hana Inna faɗa. Ta ce ita ma ta tambaye ta, har faɗa suka yi. Inna ta ce ba za ta iya aika wa ɗan fari maganar nono ba. Kuma ta ga yaron ya sayar da kekensa, yana ta murna yana nema mata lafiya, ba za ta kunyata shi a idon mutane ta ce kuɗinsa ba magani ba ne. Duk aman nan da zubewar gashi, ashe ba don tana sa rai ba ne take jurewa, don kada raina ya ɓaci ne. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, kunun na hannuna.

Inna ta ƙara kamar shekara, tari ya kama ta, ta yi ta ramewa. Ba ta ga auren ƙanwata ba. Ana saura kaɗan ta rasu na karya al'adar gidanmu, na wuce bakin ƙofa na zauna a gefen tabarmarta, na ce ta yafe mini. Ta juya fuska bango, ta ce wa ƙanwata ta gaya wa mai shago ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya yi masa albarka. Tun daga lokacin duk likitan da ya kawo mini ɗinki sai na tambaye shi, da an yi aikin a damina da ta rayu? Kowa sai ya ce Allah ne masani, amma da damarta ta fi yawa. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. Sai dai wannan bai hana gabana faɗuwa ba duk lokacin da na ji an ce wance tana da ƙari, ko na ga ƙanwata ta dafa ƙirji.

Ban rubuto don in ce likitan nan ɓarawo ba ne. Mutum ɗaya ne, ilminsa ɗaya, abin da ya bambanta safiyarsa da yammacinsa shi ne yadda kuɗi ke shiga aljihunsa. Da safe ya gaya mana gaskiya amma ba shi da lokacin da zai zaunar da mu ta shige mu, domin ko ya yi ko bai yi ba albashinsa ɗaya, ga layi har waje. Da yamma yana da lokaci da fara'a, amma abincinsa na cikin dawowarmu. Da za a samu hanyar da za a biya likita saboda marar lafiya ya samu sauƙi, ba don yawan allura ko yawan kawunan da ya sallama ba, da an taimaki irinmu. Ni tela ne, ban san yadda za a tsara wannan ba, na bar wa masu ilmi.

Abin da na sani shi ne abin da zan roƙe ku. In likita ya ba ku magani mai tsada, ku tambaye shi yaushe za a gama, kuma me za a gani a san ya yi ko bai yi ba. In ya faɗi magana a wuri ɗaya ya sassauta ta a wani, ku riƙe wadda ya faɗa a inda ba ya cin komai daga amsarku. Kada ku matsa wa likita har ya gaya muku abin da kuke son ji, domin in da kuɗi a hannunku zai iya gajiya ya faɗa. Sannan ku 'yan'uwana 'ya'yan fari, ku ji daga bakin mai ciwon. In kunya ta hana ku, ku nemi macen da take sakin jiki da ita, ku ce ta tambayo muku abin da take so ita kanta, ba abin da za ta ce don ta faranta muku ba. Uwata ta yarda a yanka ta don ta rayu. Ni ne na biya kuɗi aka fasa.